Shekarar da Na Tsayar da Zuciyar Yaya Laminu

Wannan babin naku ne ku duka, 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Laminu. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin tsofaffin unguwa: wai akwai shekarar da na tsorata wana da boko na karɓe masa gona, sai da aka taru a kaina na mayar. Babu wanda ya taɓa tunkarata da maganar a cikinku, ni ma ban taɓa tayar da ita ba, kowa yana jin nauyin kowa. To yanzu gemuna ya yi fari, shi kuma Yaya Laminu yana nan da ransa, in kun ga na ƙara gishiri ku je ku tambaye shi. Na tsorata shi, wannan gaskiya ne. Amma ba gona nake nema ba. Kalma ɗaya aka ba ni in juya daga Faransanci zuwa Hausa, na juya ta a karkace.

A lokacin ina mushe, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko, ta nan Matameye. A unguwarmu duk wanda takarda ta zo masa, ta gwamnati ce ko ta asibiti, ƙofar gidanmu yake nufa, in karanta in faɗa masa abin da ke ciki. Ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya kamata, kuma ban tuna ranar da na taɓa ce wa wani ban gane ba. Yaya Laminu kuwa bai shiga lakwal ba. Da damina yana gonarsa ta hanyar Icirnawa, da an gama kaka sai ya wuce Kano ci-rani, yana tura kurar ruwa. Yana da layinsa a can, gidajen da suka saba da shi shekara da shekaru, ba sa karɓar ruwan kowa sai nasa. Gida ɗaya muke zaune, shi da matarsa Rabi a sashen gabas, ni da Hadiza a na yamma, ɗakin Inna, mahaifiyarmu, a tsakiya. Inna ba ta kama sunansa domin shi ne ɗan farinta. Mai Kano take ce masa.

Inna tana da kalmar da ba ta rabo da bakinta: jefi-jefi. In ruwan shuka ya sauka a Kance ya tsallake mu, ta ce ruwan bana jefi-jefi ne. In gero ya tsiro wani rami da tsiro wani babu, jefi-jefi. Furfurar da ta fara fito wa Rabi, zuwan ƙanwarmu da ke aure a Magarya, saƙon Mai Kano daga can, duk jefi-jefi. Wani lokaci tana nufin abu a warwatse nan da can, wani lokaci tana nufin abin da ba ya da ranar zuwa. Ba kalmar zagi ba ce a wurinta. In abu ya lalace da gaske, kamar ɗakin da yara suka hargitsa, barkatai take cewa, wannan kuma da faɗa take tafe. Ni ma a aji ina da tawa kalmar, ta Faransanci, irrégulier. Ita nake rubuta wa ɗalibin da zai zo Litinin, a neme shi Talata a rasa. A kaina na riga na ɗaure kalmar da ma'ana ɗaya: wanda ya kamata a gan shi a wurinsa amma babu shi.

Shekarar da nake ba ku labari Yaya Laminu ya dawo daga Kano da bazara, tun ba a yi ruwan fari ba. Ya rame. Kwana biyu da dawowarsa ya kira ni bayan rumbu ya ce ƙirjinsa yana masa wani abu, kamar an kama tsuntsu an saka masa a ciki, ya yi fiffika ya yi shiru. Ba ciwo, amma in abin ya zo sai gabansa ya faɗi. Washegari da hantsi muka tafi asibitin gari. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, sabon zuwa ne daga yammacin ƙasa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ne tafinta. Ya kama tsintsiyar hannun Yaya yana duban agogo, ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya daɗe. Sannan ya ɗago ya yi mini bayani da Faransanci, da sauri, kamar yana magana da abokin aiki. A cikin bayanin na ji kalmata ta aji. Daga nan kunnena ya toshe. Ya ci gaba da magana, na ji ya ambaci Damagaram, ina ta gyaɗa kai kamar mai fahimta, amma ni ɗalibin da babu shi a aji kawai nake gani.

"Isuhu, me ya ce?" in ji Yaya.

Na ce, "Ya ce zuciyarka tana tsayawa jefi-jefi."

"Tsayawa?"

"Haka ya ce. Kuma wai a je Damagaram."

Yaya ya sauke hannun rigarsa ya ɗaure maɓalli. Ya yi wa majo godiya da Hausa, majo ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. Da ina da hankali a ranar, wannan murmushin ya isa ya sa in sake tambaya. Ba a yi wa mai mutuwa irinsa.

Muka kamo hanya har muka kai bakin kasuwa. Nan ya tsaya ya ce babu Damagaram ɗin da za shi. Abin da yake tsayawa, wata rana zai tsaya ne bai tashi ba, shi kuwa ya fi son ranar ta same shi a ɗakinsa, kusa da Inna, ba a kan gadon ƙarfe cikin baƙi ba. Na ɗan roƙe shi, amma roƙon wanda shi ma ya yarda da maganar. Daga ranar Yaya Laminu ya shiga shirin tafiya. Ya aika wa abokin zamansa a Kano cewa a ba wani kurarsa da layinsa, ba zai dawo ba. Ya bi 'yan uwa gida-gida yana neman gafara. Mutumin da yake tura jarka goma sha biyu a rana tsaka ya koma in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango, yana tsoron kada ya motsa da ƙarfi abin ya tsaya. Tuwo loma biyu. Shayinsa mai kauri da goronsa ne kawai bai bari ba, ya ma ƙara, ya ce su ke ɗebe masa kewa. Rabi tana daka tana share hawaye da gefen zane.

Da aka yi ruwan shuka ya aika aka kira liman da mai unguwa da wasu dattawa biyu, aka zauna a zaure. A gabansu ya ce ya danƙa gonarsa ta hanyar Icirnawa a hannuna, in noma, in ciyar da 'ya'yansa, har su girma su karɓa. Na karɓa ina kuka. To wannan zaman shi ne asalin maganar da kuka ji. Mutane sun ga mutum ya shiga asibiti da ƙafarsa, ƙanensa mai boko ya yi masa tafinta, bayan wata guda gona ta koma hannun ƙanen. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne a waje, abin da zan zata ke nan.

Hutun damina ya zo, na shiga noman gona biyu ni kaɗai. Tasa nake fara yi domin idon mutane yana kanta, tawa kuwa ciyawa ta sha kanta kafin in kai gare ta. Ana cikin maimai, wata rana na dawo da azahar a gajiye, Hadiza ta ajiye mini fura ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Mushe, zan yi tambaya, kada ka ji haushi."

Na ce ta yi.

"Wata biyu ke nan da aka ce zuciyar Yaya tana tsayawa. Ni dai na ga akuya an yanka, da zuciya ta tsaya shi ke nan. Tasa wace iri ce da take tsayawa ta tashi, kullum, har wata biyu?"

Na ce mata wannan maganar likitoci ce, ba ta tsakar gida ba.

"To shi majon, da bakinsa ya ce tsayawa, ko kai ne ka ce?"

Na ajiye ludayi. Na yi niyyar yi mata tsawa, sai na fasa. Na lalubi Faransancin da majo ya yi a ranar, kalma bayan kalma, ban sami tsayawa a ciki ba. Ni na kawo ta.

Kwana uku ina juya abin. Komawa wurin majo yana nufin in tsaya gaban mutum in ce masa ni mushe ne amma ban gane abin da ya faɗa ba. Ku da kuka tashi da waya a hannu, kuna tambayar ta duk abin da ya shige muku duhu, ba za ku san nauyin wannan ba. A rana ta huɗu na ajiye hauya na tafi. Majo ya gane ni, ya tambayi sakamakon Damagaram. Na ce ba mu je ba, na kuma faɗa masa abin da na gaya wa wana. Mutumin nan ya miƙe tsaye, ya riƙe kai. Ya ce shi bai ce tana tsayawa ba. Ya zauna ya shiga buga tebur da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, daidai wa daida, can sai ya sako wani bugun da wuri, ya ɗan dakata, ya ci gaba. Ya ce abin da ya ji ke nan: bugun ba ya bin tsari. Ya ce akwai irin da ke da haɗari, akwai irin da mutum zai tsufa da shi, shi kuma ba ya da na'urar da za ta bambance, shi ya sa ya tura mu. Duk wannan ya faɗa mini tun ranar farko, in ji shi, har ya ƙara da cewa a ganinsa ba abin tayar da hankali ba ne.

Na fito rabi murna rabi kunya. Da na isa gida na tarar da Yaya a kwance a inuwar ɗakin Inna, ita tana gefe tana tsinkar zogale. Na durƙusa a gabansu, na faɗi komai, ban rage ba. Na ce kalmar da na sani ta aji ce, na ɗauko ta na ɗora wa zuciyarsa, girman kai kuma ya hana ni cewa a maimaita mini.

Yaya ya dube ni. Ya ce, "Wato yanzu kuma ba ta tsayawa."

"Ba ta tsayawa, Yaya."

"Wancan karon ma da bakin nan ka faɗa mini. Wanne zan ɗauka?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi, kuma na cancance ta. Inna ce ta cece ni. Ba ta ɗago daga zogalenta ba ta ce:

"Ni tun ranar da kuka dawo, jefi-jefin bai dame ni ba. Rabin abin da na rayu da shi jefi-jefi ya zo mini, ga ni kuma zaune. Tsayawar ce ta hana ni barci. Mai Kano, kada ka ɗauki maganar wannan. Tashi ka je inda na'urar take, ka ji da kunnenka."

Ya ce to. Inna kaɗai ke iya sa shi ya ce to a gajarce haka.

Muka shiga motar Damagaram da sassafe, ni da shi, ya zauna gefen taga ya dafe ƙirji duk ramin da mota ta faɗa. A babban asibiti muka yi sa'a likitar da ta gan mu Bahaushiya ce, 'yar wajen Mirya. Da na buɗe baki zan fara Faransanci, Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Likita, don Allah ki yi mini da Hausa. Wannan ya huta."

Ta yi dariya ba ta san dalili ba. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo washegari, muka kwana gidan wani ɗan garinmu. Da muka koma ta shimfiɗa takardar a gabansa ta nuna masa da biro, ga haƙoran a jere, ga wani ya matso kusa da ɗan uwansa, ga 'yar tazara bayansa. Ta tambaye shi abin da yake sha in zai fita aiki a Kano. Ya ce shayi mai kauri, da goro, da wasu ƙwayoyin ƙarfi da masu talla ke sayarwa a tasha, kowa a cikin masu kura yana sha. Ni kaina ranar na fara jin zancen ƙwayoyin.

Ta ce, "Baba, zuciyarka tuntuɓe take yi, ba faɗuwa ba. Ka taɓa yin tuntuɓe a gona?"

"Sau nawa!"

"Ka fasa noma?"

Yaya ya dube ta, ya dube ni, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Wata biyu da rabi rabon da in gan su a haka. Ta ce akwai masu irin wannan da abin yake da haɗari, shi ya sa zuwan yake da muhimmanci, amma nasa ba ya cikinsu. Ya bar ƙwayoyin nan har abada, ya rage shayi da goro, ya ci abinci domin jininsa ya yi ƙasa, ya riƙa zuwa ana dubawa. Ya tambaye ta ko zai iya riƙe hauya. Ta ce kwanciyar da ya yi ta fi hauya cutar da shi.

Muna fita ƙofar asibiti ya ce yunwa yake ji. Muka zauna wurin wata mai shinkafa da wake, ya cinye kwano ya ce a ƙaro. Ina kallonsa yana ci, hawaye suna zubo mini, mai abincin ta zata yaji ne ta miƙo mini ruwa. A mota ya yi barci har da minshari, kansa a kafaɗata, ramukan hanya ba su tashe shi ba. Da muka shigo gida Rabi tana bakin murhu. Bai yi mata bayani ba, ya ce kawai ta tuƙa tuwo da yawa. Ta dube shi, ta saki muciya ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo a guje suna zaton haihuwa aka yi. Inna kuwa ta shiga ɗaki ta ja labule, ba ta so a ga fuskarta a kan ɗan fari. Muna jin ta daga waje tana ta alhamdu lillahi.

Ba zan ce muku abin ya wuce ba tare da ya ci komai ba. Layinsa na Kano ya tafi. Da ya aika a tambaya, aka ce wanda aka ba ya riga ya saba da gidajen, kuma Yaya ba mutumin da zai ƙwace abin da ya bayar da bakinsa ba ne. Ya koma Kano shekara biyu yana turin kura a layin da ba nasa ba, bai ji daɗi ba, ya dawo gida gaba ɗaya ya kama kiwon tumaki. Bai taɓa ce mini ni na jawo masa ba, amma na sani. Ni kuma takardu suka daina zuwa ƙofata, sai jefi-jefi, yawanci daga waɗanda labarin bai kai gare su ba. Har yau in aka kawo mini takardar asibiti, ina karantawa ne in ce a je a tambayi mai ita, da Hausa, in ba ya ji a nemo tafinta biyu.

Mako guda da dawowarmu daga Damagaram na roƙi liman da mai unguwa da dattawan nan biyu suka sake zama a zaure. Babu wanda ya matsa mini, ni na kira su. A gabansu na mayar da gonar, na kuma faɗi kuskurena da bakina. Mai unguwa ya ce ba a taɓa kiran sa shaidar mayar da gadon mai rai ba sai ranar, aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Da kaka ta zo gonarsa ta yi kyau, tawa kuwa abin da ta bayar ba zai kai mu rani ba. Yaya ya ce geron gonarsa na bana gumina ne, rabi nawa. Na ƙi. Ya bar maganar, na zata ta mutu. Ranar kasuwa da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai na hango mutum tafe daga hanyar Icirnawa da damin gero a ka, ya ratso ta tsakiyar kasuwa, inda ba hanyarsa ba, mutane suna buɗa masa. Yaya Laminu ne. Ya wuce ni ya sauke damin a bakin rumbuna, ya juya zai koma ɗauko wani. Na bi shi da gudu na ce ya bari in nemo amalanke, kada ya wahalar da kansa.

Ya tsaya yana haki, gumi yana zuba, ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Ina jin zuciyar tana bugawa da ƙarfi.

Ya ce, "Mushe, me ta ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Ba na jin yarenta."

Ya ce, "Madalla. Ɗauko gammo ka biyo ni."